Gudun Na'ura da Basirar Gwani: Karawar Kwamfuta da Gwanayen Shaɗaranji da Abin da Take Nufi ga Darar Ƙasar Kabi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi karawar da aka yi tsakanin manhajojin shaɗaranji da manyan gwanayen wasan daga 1978 zuwa 2020, domin auna gwargwadon rawar da ƙaruwar ƙarfin na'ura ta taka wajen rinjayen kwamfuta a kan ɗan Adam. Ta gano cewa gudun na'ura ne ya ja ragamar ci gaban har zuwa 1997, daga nan kuma ƙarfin ya ƙaura daga fagen wasa ya koma fagen horar da manhaja. Daga bisani ta ɗora wannan sakamako a kan wasan dara da ake yi a Argungu da sauran sassan Jihar Kebbi.

1.0 Gabatarwa

Ranar 11 ga Mayu, 1997, a birnin New York na Amurka, zakaran duniya Garry Kasparov ya miƙa wuya bayan motsi 19 kacal a wasa na shida da ya buga da na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM. An tashi karawar da maki 3½ da 2½. Tun daga ranar bayani ɗaya ya zauna a bakin jama'a: na'urar ta yi nasara ne saboda tana duba yanayin allo miliyan 200 a daƙiƙa guda. Manufar wannan maƙala ita ce gwada wannan bayani da alƙaluman da aka samu kafin wannan rana da kuma bayanta.

Shaɗaranji, wanda 'yan makarantun boko ke kira ces, ba baƙon suna ba ne a ƙasar nan. Almajiran da suka sauke Risala ta Ibn Abi Zaid sun gamu da shi a cikin wasannin da littafin ya hana, kuma a fadar Barno an taɓa buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi. Maƙalar ba ta shiga hukuncin wasan ba, wannan fagen malaman fiƙihu ne. Abin da ta ɗauka shi ne matsayinsa na ma'auni, domin babu wani aikin tunani da aka auna mutum da na'ura a kansa na tsawon shekaru da lambobi tsararru kamar wannan wasa.

Akwai dalilin kawo zancen Argungu. Ƙasar Kabi tana da nata wasan dabara, wato dara, wanda dattawa da samari ke haƙa wa gurabe a ƙasa su buga da tsinkaye da duwatsu. Tambayar da za a zo gare ta a sashe na biyar ita ce: wane irin ƙarfin na'ura ake buƙata kafin kwamfuta ta tsaya gaban gwanin dara, kuma mene ne ainihin abin da ya rage a tanada?

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Claude Shannon ne ya kafa harsashin wannan fage a maƙalarsa ta 1950. Ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 mai sifiri 120 a bayanta, don haka babu na'urar da za ta ƙididdige su duka. Ya kawo hanyoyi biyu. Ta farko, na'ura ta duba kowane motsi har zuwa wani zurfi. Ta biyu, ta zaɓi 'yan motsi masu ma'ana ta bi su da nisa. A yaren masunta, ta farko taru ce da ke share kogi gaba ɗaya, ta biyu kuwa masunci ne mai homa da gora wanda ya san inda giwan ruwa ke kwanciya. Shannon ya fi karkata ga ta biyu, saboda na'urorin zamaninsa ba su da kuzarin ɗaukar ta farko.

Masana halayyar ɗan Adam sun ƙarfafa wannan karkata. Adriaan de Groot na ƙasar Holan, a bincikensa na 1946, ya nuna cewa manyan gwanaye ba sa hangen motsi da yawa fiye da matsakaitan 'yan wasa. Abin da ya bambanta su shi ne da kallo ɗaya suke gane motsin da ya cancanci tunani. William Chase da Herbert Simon sun ƙara da cewa, a 1973, gwani yana riƙe da dubban siffofin allo a ƙwaƙwalwarsa. Tsohon zakaran duniya Mikhail Botvinnik ya kwashe shekarun ƙarshen rayuwarsa yana ƙoƙarin gina manhajar da za ta yi tunani irin wannan, kuma aikin bai kai ga manhaja mai buga gasa ba.

Ta fuskar hasashe, masana sun rabu gida biyu. Simon ya ce a 1957 cikin shekara goma kwamfuta za ta zama zakaran duniya; sai da aka shekara arba'in. Masanin falsafa Hubert Dreyfus ya tsaya a ɗaya gefen yana kushe fagen baki ɗaya, har manhajar Mac Hack ta Richard Greenblatt ta cinye shi a 1967. Ɗan wasan shaɗaranji David Levy na Birtaniya ya ci alwashi a 1968 cewa babu kwamfutar da za ta doke shi cikin shekara goma. Ya cika alwashinsa a Toronto a 1978 lokacin da ya rinjayi manhajar Chess 4.7, amma manhajar ta ci shi wasa ɗaya, ta kuma riƙe shi kunnen doki a wani. A 1989 Deep Thought ta lallasa shi 4 da 0.

Giɓin da ke cikin waɗannan ra'ayoyi shi ne kowane ɓangare ya ɗauki gudu da ilimi a matsayin kishiyoyi. Alƙaluman da za a kawo sun nuna cewa ɗaya yana iya rikiɗewa ya zama ɗayan.

3.0 Hanyar Nazari

An dogara ne da sakamakon karawar da aka buga a bainar jama'a da kuma gwaje-gwajen da masu gina manhajojin suka wallafa. A kowace karawa an duba abu uku: yawan yanayin allo da na'urar ke aunawa a daƙiƙa, matsayin gwanin da ta fuskanta, da yadda aka tashi.

Kalmomin fannu da aka yi amfani da su su ne waɗannan. Gangar na'ura na nufin ƙarafa da ƙwayoyin lantarkin da ke yin lissafi, saɓanin manhaja. Taku shi ne motsin ɗan wasa ɗaya. Zurfin hange shi ne yawan takun da manhaja ke lissafawa gaba. Awon yanayi shi ne hukuncin da take yankewa kan wanda ya fi rinjaye a inda hangen ya tsaya. Gwanin gwanaye kuwa shi ne laƙabi mafi girma da hukumar shaɗaranji ta duniya, FIDE, ke bai wa ɗan wasa.

Ma'aunin ƙarfi shi ne tsarin Arpad Elo, wanda FIDE ta karɓa a 1970. A tsarin, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na makin wasanninsu, wanda ya fi da 400 kuwa kusan kashi 91. Ƙololuwar Kasparov ita ce 2851 a 1999, ta Magnus Carlsen 2882 a 2014. Lissafin sashe na biyar na mai maƙalar ne, an fitar da shi kai tsaye daga ƙa'idojin dara.

4.0 Nazari

4.1 Zamanin gudu: daga Belle zuwa Deep Blue

A matsakaicin yanayin shaɗaranji ɗan wasa yana da zaɓi kusan 35. Da za a duba kowanne, ƙarin taku ɗaya zai buƙaci na'ura mai gudu ninki 35. Dabarar sassabe da ake kira alfa-beta, wadda Donald Knuth da Ronald Moore suka yi wa cikakken nazari a 1975, ta rage nauyin: da zarar manhaja ta ga wani reshe ya fi wanda ke hannunta muni, sai ta sare shi ba tare da ta bi shi zuwa ƙarshe ba. Da wannan dabara farashin ƙarin taku ɗaya ya sauko zuwa kusan ninki shida.

Ken Thompson da Joe Condon na ɗakin binciken Bell sun ƙera Belle, na'urar da aka yi wa gangar jiki don shaɗaranji kaɗai, tana auna yanayi fiye da 100,000 a daƙiƙa. A 1982 Thompson ya wallafa wani gwaji mai sauƙi da ya sauya alƙiblar fagen. Ya haɗa Belle da kanta, ɗaya tana hangen taku ɗaya fiye da ɗayar, sai ya tarar kowane ƙarin taku yana kawo maki 200 ko fiye. Ma'anar a fili take. Mai son maki 200 ya nemo na'ura mai gudu ninki shida, ba sai ya koya mata sabon abu ba. A 1983 Belle ta zama na'ura ta farko da hukumar shaɗaranjin Amurka ta ba laƙabin gwani.

Ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon, a ƙarƙashin Feng-hsiung Hsu, sun bi wannan hanya da Deep Thought mai auna yanayi kusan 720,000 a daƙiƙa. A 1988 ta doke Bent Larsen na Denmark, karo na farko da kwamfuta ta ci gwanin gwanaye a wasan gasa. Kasparov ya nuna mata iyakarta a 1989, ya cinye ta wasa biyu a jere. IBM ta ɗauki Hsu da abokansa aiki. A Fabrairun 1996 a Philadelphia, Deep Blue mai auna yanayi kusan miliyan 100 ta ci wasan farko, amma Kasparov ya farfaɗo ya tashi da 4 da 2. Bayan wata goma sha biyar aka dawo da na'ura mai ƙwayoyin lantarki 480 na musamman, gudunta ya ninka biyu, ta ci karawar.

Daga 720,000 zuwa miliyan 200 ƙarin ninki 280 ne, wato kusan taku uku a lissafin Thompson, tunda shida sau shida sau shida 216 ne. Wannan ƙari ya isa ya bayyana tazarar da ke tsakanin mai cin Larsen da mai cin Kasparov. Har zuwa nan masu cewa gudu ne suna da gaskiya.

Sai dai tsakanin 1996 da 1997 lissafin bai fita ba. Ninki biyu bai kai rabin taku ba, bai isa ya juya 2 da 4 ya koma 3½ da 2½ ba. Abin da ya cike giɓin ilimin mutane ne. IBM ta ɗauko gwanin gwanaye Joel Benjamin ya zauna da injiniyoyi wata da watanni yana nuna musu inda na'urar ke kuskuren hukunci, aka faɗaɗa awon yanayinta zuwa siffofi kusan 8,000, aka kuma ɗura mata taskar wasannin gwanaye 700,000 don ta san yadda ake buɗe wasa. Ya kamata a ƙara da cewa wasa shida ƙaramin samfuri ne, Kasparov ya ci ɗaya, ya faɗi biyu, uku sun tashi kunnen doki, kuma IBM ta ƙi sake karawa ta kwance na'urar. Saboda haka 1997 ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

4.2 Na'ura ta ƙanƙance, ƙarfi ya ƙaru

Hujjar ta zo ne a shekara goma da suka biyo baya. A 2002 a Bahrain Vladimir Kramnik ya tashi 4 da 4 da Deep Fritz. A 2003 Kasparov ya tashi 3 da 3 da Deep Junior, sannan 2 da 2 da X3D Fritz. Duk waɗannan manhajojin kasuwa ne da ke gudana a kan kwamfutocin da ba a ƙera su don wasan ba, suna auna 'yan miliyoyi a daƙiƙa. A 2005 a Landan, Hydra, na'ura ta musamman da aka ɗauki nauyinta daga Abu Dhabi, ta ragargaza Michael Adams na Ingila 5½ da ½.

Karawar da ta rufe babin ita ce ta Bonn a Jamus, a ƙarshen 2006. Kramnik, yana zakaran duniya, ya faɗi 4 da 2 a hannun Deep Fritz, bai ci ko wasa ɗaya ba. Manhajar tana auna yanayi kusan miliyan 8 a daƙiƙa, kashi ɗaya cikin 25 na gudun Deep Blue. A wasa na biyu Kramnik ya kasa ganin barazanar da za ta kashe masa sarki a motsi guda, kuskuren da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Wannan ma ɓangare ne na lissafin: mutum yana gajiya, hankalinsa yana ɗaukewa, kuma kuskure ɗaya cikin motsi arba'in ya isa.

A 2009 aka kai maƙura. Manhajar Pocket Fritz 4, a cikin wayar hannu ƙirar HTC, ta shiga gasar Copa Mercosur a Buenos Aires ta Ajantina ta samu maki 9½ cikin 10, da kimar wasa ta 2898. Tana auna ƙasa da yanayi 20,000 a daƙiƙa, wato Deep Blue ta fi ta gudu ninki 10,000. Gaskiya ne 'yan gasar ba sahun Kasparov ba ne, amma akwai gwanayen gwanaye a cikinsu, kuma wayar ba ta faɗi ko wasa ɗaya ba.

Da gudu kaɗai ne, da waɗannan alƙaluma ba su yiwu ba. Abin da ya faru shi ne masu manhaja sun ƙware a sassabe. Sun ƙirƙiro dabarun gane reshen da ba shi da amfani tun daga tushe, suna rage wa motsin da ba a sa rai da shi zurfin bincike, har farashin ƙarin taku ya sauko daga ninki shida zuwa kusan biyu. Hanyar Shannon ta biyu, wadda aka yi watsi da ita tun shekarun 1970, ta dawo ta ƙofar baya.

4.3 Raguwar riba da ƙaurar ƙarfi

Maki 200 na Thompson bai ɗore ba. Gwaje-gwajen da Ernst Heinz ya yi da manhajar Fritz a wajajen 2000 sun nuna cewa yayin da hange ke ƙara zurfi, ribar kowane ƙarin taku tana raguwa, kuma kunnen doki yana yawaita. Dalilin ba boyayye ba ne. Bambancin mai hangen taku biyar da mai shida yana fitowa kusan a kowane wasa, amma mai ashirin da mai ashirin da ɗaya galibi motsi ɗaya za su zaɓa.

Kuskure ne a ɗauka daga nan cewa gangar na'ura ta daina tasiri. Wurin aikinta ne ya sauya. Tun 2013 masu gina Stockfish, manhajar da kowa ke iya sauke ta kyauta, suke gwada kowane gyara ta hanyar buga dubban wasanni a kan kwamfutocin 'yan sa-kai, ba a karɓar gyara sai alƙaluma sun tabbatar da amfaninsa. A Disambar 2017 kamfanin DeepMind ya kai wannan tunani ƙarshensa da AlphaZero. Ba a ba ta wasan mutum ko ɗaya ba, ƙa'idoji kawai aka ba ta. Ta buga wa kanta wasanni miliyan 44 cikin awa tara a kan na'urorin lissafi na musamman 5,000, sannan ta kara da Stockfish 8 wasa 100: ta ci 28, aka yi kunnen doki 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. A lokacin wasa tana auna yanayi 80,000 a daƙiƙa, abokiyar karawarta miliyan 70. An soki sharuɗɗan karawar, amma a sakamakon da aka wallafa a mujallar Science a 2018, cikin wasa 1,000 ta ci 155 ta faɗi 6.

A Satumban 2020 Stockfish 12 ta ɗauko ƙaramar ragar jijiyoyi ta kwaikwayo, dabarar da Yu Nasu ya ƙirƙiro don wasan shogi na Japan, wadda ke gudana a kan kwamfutar gida. Ma'anar wannan ita ce ana narkar da lissafin dubban na'urori a mayar da shi ilimin awon yanayi, sannan a zuba ilimin a ƙaramar na'ura. Wayar da ke aljihun ɗan kasuwa a Argungu tana cin gajiyar lissafin da aka gama tun kafin a sayar masa da ita.

4.4 Matsalar ma'auni

Jerin kimar manhajoji a yau yana ba manyansu maki fiye da 3500. Wajibi ne a karanta wannan lamba da hattara, domin daga wasannin na'ura da na'ura aka fitar da ita. Tun bayan Bonn zakarun duniya suka daina karawa da kwamfuta a kan daidaito. Abin da ya rage shi ne wasannin rangwame, kamar na 2016 inda manhajar Komodo ta ba Hikaru Nakamura fifiko a kowane wasa, duk da haka ta ci 2½ da 1½. Rinjayen ba abin musu ba ne, amma ainihin girmansa ƙiyasi ne.

5.0 Dara a Ƙasar Kabi

5.1 Girman wasan

R. C. Bell, a littafinsa na 1960 kan wasannin allo na duniya, ya kawo dara a matsayin wasan Dakarkari, wato mutanen ƙasar Zuru da ke cikin Jihar Kebbi a yau. Zabarmawa, waɗanda ke zaune a tsallaken iyaka a yankin Dosso da kuma cikin Kebbi kanta, suna kiranta dili. A nau'in da ya fi yaɗuwa ana haƙa gurabe 30, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Da farko a kasa su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowa ya matsar da ɗansa zuwa gurbin da ke maƙwabtaka, gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Jerin huɗu ba ya ci. Babban makamin gwani shi ne doki, tsarin da ɗa ɗaya ke kai-komo tsakanin gurabe biyu yana kammala jerin uku a kowane taku.

Kowane gurbi yana iya zama fanko, ko na wannan, ko na wancan. Saboda haka yawan yadda allo zai kasance ba zai wuce 3 an ninka da kanta sau 30 ba, wato kusan tiriliyan 206. Idan aka ninka biyu saboda wanda ke da taku, aka raba huɗu saboda ana iya juya allon ba tare da yanayin ya sauya ba, za a samu kusan tiriliyan 103. Wannan iyaka ce ta sama, ainihin adadin bai kai haka ba, tunda babu mai 'ya'ya fiye da 12. A daidai lokacin da aka gama kasawa, hanyoyin tsara 'ya'ya 24 a gurabe 30 su ne 1,605,660,228,900.

Kwatanci zai fito da ma'anar lambobin. Ralph Gasser ya warware wasan Turai na jerin uku mai 'ya'ya tara-tara a 1993, yanayinsa kusan biliyan 10. John Romein da Henri Bal na Jami'ar Vrije da ke Amsterdam sun warware awari, ɗan'uwan ayo na Yarbawa, a 2002: yanayi 889,063,398,406, furosesa 144, awa 51, sakamakon kunnen doki. Jonathan Schaeffer da tawagarsa a Jami'ar Alberta ta Kanada sun tabbatar a 2007 cewa daraf mai gurabe takwas sau takwas kunnen doki ne idan babu mai kuskure, kuma yanayinsa ya kai 5 mai sifiri 20. Shaɗaranji, a ƙiyasin John Tromp, yana da yanayi kusan 5 mai sifiri 44.

Dara mai gurabe 30 ta faɗo tsakanin awari da daraf: ta fi awari kusan ninki ɗari, daraf kuma ya fi ta ninki miliyoyi. Idan aka adana hukuncin kowane yanayi, ci ko faɗuwa ko kunnen doki, taskar ba za ta wuce terabait 26 ba. Taskar ƙarshen wasan shaɗaranji mai 'ya'ya bakwai da aka kammala a Jami'ar Mosko a 2012 ta kai terabait 140. Nau'in dara mai gurabe 42 kuwa wani labari ne, iyakarsa ta kai 1 mai sifiri 20, sahun daraf ke nan.

Warwarewa gaba ɗaya ma ba ita ce sharaɗin doke gwani ba. Bayan kasawa gurabe shida kaɗai ne fanko, kowanne maƙwabtansa ba su wuce huɗu ba, don haka motsin da ɓangarorin biyu ke da shi a haɗe bai wuce 24 ba, galibi ma ƙasa da haka sosai. Manhaja mai alfa-beta a wayar hannu za ta yi hange mai nisa a wannan mataki. Wahalar tana matakin kasawa, inda zaɓin farko 30 ne, na biyu 29, kuma amfanin gurbin da aka zaɓa ba ya bayyana sai bayan taku ashirin da wani abu. A nan ne gwanayen dara ke ɓoye fasaharsu, kuma a nan ne hanyar horar da kai irin ta AlphaZero ta fi dacewa.

5.2 Abin da ya rage a tanada

Hukuncin wannan maƙala shi ne gangar na'ura ba ita ce cikas ba. Abu biyu ne shaɗaranji ya mallaka waɗanda suka sa aka iya rubuta tarihin da ke sashe na huɗu, kuma su ne dara ke buƙata.

Na farko tsayayyun ƙa'idoji. AlphaZero ta iya rayuwa ba tare da wasannin mutane ba, amma ba za ta motsa ba tare da ƙa'ida ba. Bayanan da aka rubuta kan dara sun saɓa wa juna a kan girman allo, da ko an yarda a jera uku a lokacin kasawa, da ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku. Kowane saɓani cikin waɗannan wasa ne dabam a wurin kwamfuta. Manhajar da aka gina daga littafin Bature ba tare da an zauna da 'yan wasan Argungu ko Zuru ko Kamba ba, tana iya ƙwarewa a wasan da babu mai buga shi a nan.

Na biyu rubutaccen wasa da ma'auni. Wasannin 700,000 da aka ɗura wa Deep Blue sun samu ne saboda an daɗe ana rubuta kowane motsi. Wasan dara kuwa yana ƙarewa ne da tafin ƙafa ya share gurabe, sunan gwani ya tsaya a unguwarsu. Idan babu rubutu ba za a san ko manhaja ta kai gwani ba, ba za a kuma san abin da gwanin ya sani wanda manhajar ba ta gano ba.

Tsatsarandin Barno ya isa gargaɗi. Masu tarihin wasanni suna dogara ne a yau da gajerun bayanai biyu a mujallar Man, na C. K. Meek a 1934 da na P. G. Harris a 1939. Harris ɗin nan shi ne ya rubuta nazari kan masuntan Kabi a 1942. Saɓanin tsatsarandi, su na Matan Fada a Argungu ya samu masu raya shi tun bikin 1934 da aka shirya don ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Dara ba ta fi tsatsarandi kariya ba idan samari suka koma wasannin waya, tsofaffin gwanaye kuma suka tafi da abin da ke kansu.

6.0 Kira ga Masu Bincike

Aikin farko na masu nazarin Hausa da al'adu ne. Malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna da damar zama da gwanaye, da izininsu da kuma ambaton sunayensu a matsayin masu ilimin, su tattara ƙa'idoji da kalmomin wasan gari-gari, ba tare da tilasta wa nau'o'in su zama ɗaya ba. Tsarin rubuta motsi ba shi da wuya: haruffa shida a tsaye, lambobi biyar a kwance, kowane gurbi ya samu suna.

Aiki na biyu na sassan kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Gwajin Thompson na 1982 ana iya maimaita shi a kan dara da kwamfutar cinya guda: a haɗa manhaja da kanta a zurfi dabam-dabam, a ga nawa ƙarin taku ke kawowa, a ga kuma inda ribar ke fara raguwa. Wannan ya isa kundin digiri na biyu, kuma sakamakonsa zai shiga muhawarar da ake yi a duniya kan gudu da ilimi.

Maƙalar tana roƙon Masarautar Argungu da masu shirya bikin kamun kifi su ware wa dara fage a gefen kokawa da dambe da kabanci, a zaunar da marubuci a bakin kowane allo, a kuma ajiye kwafin wasannin a Gidan Tarihi na Kanta.